Kiwon Waya

Asabar, hantsi

Gwaggo Hajjo ta ce mai jego ba ta karatu, yana lalata ido. Ban tambaye ta ko har da rubutu ba, don na san amsar. Wannan littafin shirya darasin 'yan aji huɗu ne na juya ta baya. Makarantar a rufe take, ba mai nemansa.

Ina gidan Gwaggo a Sabon Birni, a ɗakin da na girma, ina wankan haihuwar fari. Safe da yamma take tafasa ruwa a rabin ganga, ta yi ta fyaɗa mini shi da ganyen darbejiya, ina ihu tana cewa ai ban ga komai ba tukuna. An yi suna ranar Laraba. Ragon da aka yanka na Yaya Is'haƙa ne, wan maigidana. Shi maigidan ya tafi Turba ana jibi suna, don ya ɗauko ragon da ya ba abokinsa kiwo tun bara. Ya ce kafin la'asar yana gida. Ragon dai yana can lafiya, an ce.

Ba za ni rubuta sunan abin ba. Duk wanda ya sha ruwan ƙasar nan ya san me ake nufi in an ce mutum ya bi hanyar garin Isa bai dawo ba.

Yarinyar tana barci. Ita ma ba za ni rubuta sunanta ba, ko da yake ubanta ne ya zaɓa ya raɗa mata a kunne ranar da ta zo. Ɗiyar fari ce, kuma Gwaggo ba ta yi tarbiyyar banza ba. A gaban mutane ko kallonta ba na yi sosai.

Lahadi, bayan la'asar

Tun da aka yanke layin waya a ƙasar nan Wada ya samu sana'a. Da faci yake yi a bakin tasha. Yanzu da sassafe yake bi gida-gida da kekensa yana karɓar wayoyi, kowa ya ɗaura wa tasa ƙyalle ko zare don shaida. Ya zuba su a jakar fata ya nufi wani tudu ta hanyar Burkusuma, inda layin Nijar yake leƙowa. Can zai kunna tasa mai layin Nijar ya raba wa sauran, ya zauna gindin aduwa har saƙonni su gama shiga. Mutanen gari suka sa wa abin suna kiwo. Sai ka ji mace tana tambayar maƙwabciyarta ta katanga ko ta kai waya kiwo, kamar akuya. Da yamma ya dawo da su a ƙoshe.

Tawa jan ƙyalle gare ta, gefen atamfar da na ɗinka don suna ban sa ba. Gurup biyar nake ciki: na malamai, na 'yan ajinmu na kwaleji, na dangi, na 'yan Gobir mazauna Sakkwato, da wani da ban san wanda ya jefa ni ciki ba, shi ne kuma ya fi kowanne zafi. Tun kafin wannan abin Rediyo ake kirana a ofishin malamai, don ni ce mai shigowa da "kun ji?" tun ban ajiye jaka ba. Ban taɓa ɗaukarsa aibi ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Gwaggo ba ta san tawa tana zuwa kiwo ba. Zulaiha ce take miƙa wa Wada ta ƙofarsu. Maƙwabciyarmu ce, tare muka tashi, tana goyon ɗanta Halliru, ɗan wata huɗu mai kumatu. Tun ranar suna ta ce ta kama wa Halliru mata, in ta shigo sai ta ce ina surukarta.

Litinin, azahar

Na saurare su duka, a bayan rumbu, waya manne da kunne, wai na zaga.

Wani yana haki yana jera sunayen ƙauyuka. Wata tana kuka ba a jin abin da take faɗi. Wani ya ce an sako mutum goma, wani ya ce ƙarya ne, na bara ne. Akwai mai rantsuwa da Allah cewa gobe garin nan za a shigo, a tura wa kowa. Na lura saƙon nan na ji shi tun watan jiya, da muryar nan, da tarin nan a tsakiya. Duk da haka sai da na sake saurara.

Hotunan su ne aiki. Ba fuska nake dubawa ba, yawanci ma an rufe. Ƙafa nake dubawa. Maigidan yana da ɗan yatsa a ƙafar hagu da ya hau kan ɗan'uwansa, na sha tsokanarsa a kai. Sai in buɗa hoton da yatsu biyu in bi su ɗaya bayan ɗaya. In na gama ban gani ba sai in ce alhamdu lillahi, sannan kunya ta kama ni, don ƙafafun nan ma na wasu ne.

Da na dawo kunun kanwa ya yi sanyi ya kama fata. Na zuba wa akuyar Gwaggo. Akuyar nan ita ke jegon, ba ni ba, har ta fara sheƙi.

Talata, safe

Yarinyar ta kwana kuka. Ta kama nono, ta saki, ta yi kuka, ta sake kamawa.

Talata, bayan isha'i kaɗan

Kullum bayan magariba Yaya Is'haƙa yakan zo. Su tsaya a zaure shi da Gwaggo suna ƙus-ƙus, ni ina ɗaki ina miƙa kunne kamar zomo. Yau na ji kalmar gero, na ji "sun ce", sai akuya ta yi kuka ta cinye sauran. Da Gwaggo ta shigo na tambaye ta.

"Mi kika so ki jiya? Ana bisa ƙoƙari. Sha kunu."

Ba a faɗa wa mai jego mugun labari, haka ta taras, haka za ta bari. Na ce mata rashin sani ya fi dare duhu. Ta ce to in kwanta, ai dare na barci ne. Da Gwaggo ba a cin gardama, ko alƙali ne kai.

Ina sonta, amma yau na ji haushinta har wuya. Mijina ne. Kowa a unguwar nan ya fi ni sanin halin da yake ciki, har mai tallan ƙuli.

Alhamis, la'asar

Gwaggo ta kai yarinyar awo asibiti, ni ba ni fita sai na yi arba'in. Ta dawo ta hau tankaɗen gari da ba a buƙata. Can sai ga Malama Surayya da kanta, malamar asibitin, ta biyo ta gida da farar rigarta a ƙarƙashin hijabi.

Ta ce yarinyar ta ragu. Jarirai sukan ɗan ragu da farko, amma yanzu ya kamata a ce ta maido har ta wuce. Ta taɓa maɗigarta, ta tambayi sau nawa take jiƙa tsumma, na ce ban ƙirga ba. Ta tambaya ko ina ci. Na ce ina ci. Akuya tana tsaye a bakin ƙofa tana kallona.

Ta ce nono ba famfo ba ne. Yana son ci, yana son barci, yana son a yi ta sa yarinya a kai ba gajiya, kuma in hankalin uwa yana wani wuri yakan ƙi sauka ko yana nan. Madarar gwangwani babu ita a gari tun da aka rufe kasuwa, ko da akwai ma ba ta yarda da ruwanmu ba. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Alhamis mai zuwa in ta ƙara raguwa, Mas'uda, sai Sakkwato. Ba ni da abin riƙe ta nan."

Hanyar Sakkwato duk mun san ta inda take bi.

Bayan ta tafi Gwaggo ta ce ita tun shekaranjiya ta gani, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ta ɗora tukunyar kunun gyaɗa.

Juma'a, hantsi

Na yi niyyar kada in ba da waya yau. Na yi niyyar tun da asuba, da zuciya ɗaya. Da na ji ƙararrawar keken Wada sai na ga hannuna ya riga ya miƙa wa Zulaiha.

Asabar, bayan magariba

Za ni rubuta shi yadda ya faru, ba gyara.

Wayar ta dawo da la'asar da kaya fiye da kullum. An ce wani abu ya faru wajen Gangara. Na ajiye yarinyar a gado tana ƙananan kuka, na ce yanzu za ni dawo, na zaga bayan rumbu. Bidiyo ne mai tsawo, mai ɗaukar yana tafe hannunsa yana rawa. Na tsayar, na buɗa, na matsa gaba, na koma baya. Ina jin kukanta sama-sama kamar daga wani gida. Daga baya na daina ji, na ce ta yi barci, har na ji daɗi.

Da na fito rana ta yi ja. Na ɗaga labule na tarar da Zulaiha zaune a bakin gadona, Halliru yana goye a bayanta, yarinyar tana ƙirjinta. Tana sha. Ina jin haɗiyarta daga bakin ƙofa, ƙut, ƙut, irin wadda ban taɓa ji a jikina ba. Hannunta ya saki, yatsun sun buɗe. Gwaggo tana tsaye, ita ta kira Zulaiha.

Ba wanda ya yi mini faɗa, da ma an yi da ya fi sauƙi. Zulaiha ta ɗago tana murmushin da bai kai ciki ba, ta ce shi ke nan, ta yi asarar suruka ta samu ɗiya, Halliru sai ya nemi mata a wani gidan tunda sun sha nono ɗaya. Na yi dariya don ta yi don in yi ne.

Na so in fizge ta. Na so in ce tawa ce. Amma ɗiyar fari ce, ba a yi, kuma da wane bakin? Waya tana hannuna, da zafinta.

Gwaggo ta miƙo tafin hannu. Na sa mata. Na ga ta tura ta can cikin buhun gero, ta ɗaure bakin.

Lahadi, azahar

Babu waya. Na sha kunu kofi biyu a gaban Gwaggo. Zulaiha ta zo sau uku, ni kuma ina sa ta a nawa kafin ta karɓa, kamar yadda Malama Surayya ta ce. Tana ja, tana kallona, ta saki.

Litinin, hantsi

Na ɗauka in babu waya kaina zai huta. Ashe wayar ta koma cikin kaina ne, kuma ta can ba ta buƙatar caji.

Yanzu fuska nake karantawa. Gwaggo ta daɗe a sujada, me ta ji? Yaya Is'haƙa ya yi sallama a hankali, me ya sa? Almakashi ya faɗi na zabura. Jiya mai goro ya wuce bai tsaya ƙofarmu ba, na ce shi ke nan, ya san wani abu ne ba ya son haɗa ido da mu. Ashe goron ne ya ƙare.

Abincin yana shiga, amma kamar ana zuba shi a rami. Barci kuwa ko na rufe ido ƙafafu nake gani.

Talata, bayan isha'i

Da hantsi aka fasa kuka a bayan gidanmu, ta wajen gidan su Yaya Is'haƙa. Ban san lokacin da na fita ba. Sai ganina na yi a tsakiyar titi da ɗaurin ƙirji, ba ɗankwali, ba takalmi, ni da ko zaure ban taka ba tun da na haihu. Mata suka riƙe ni. Ashe Baba Ɗanmusa ne, tsohon da ya shekara biyu a kwance, Allah ya yi masa rasuwa a kan gadonsa, 'ya'yansa kewaye da shi. Allah ya jiƙansa. A zamanin nan har sai da na ji wata ta ce ya yi sa'a.

Gwaggo ta jawo ni gida ta lulluɓe ni da zanenta. Na jira faɗa. Sai ta zauna a kan turmi. A nan na lura wuyan rigarta ya yi mata yawa. Makonnin nan ita take shanye duk abin da aka faɗa a zaure, ta shigo ta dafa mini kunu.

Na durƙusa na ce mata, a hankali, don ba na son ta ɗauka rashin kunya ne: "Gwaggo, wayar tana kashe ni, shirun ma yana kashe ni. In ba a faɗa mini gaskiya ba, ni za ni yi ta ƙera tawa, kuma tawa ta fi muni."

Ta ce uwarta ba ta yi haka ba, kakarta ba ta yi ba. Sannan ta ce, "Amma su zamaninsu ba a ɗaukar mutum bisa hanya awa kaza." Ta kafa sharaɗi: sau ɗaya a yini, daga baki ɗaya, bayan na yi wankan yamma, na ci, yarinyar ta sha. Na ce na yarda.

Bayan magariba Yaya Is'haƙa ya tsaya a bakin ƙofar ɗakina, ta bayan labule. Tun da aka kai ni gidansu amarya bai taɓa yi mini magana fiye da gaisuwa ba. Ya yi gyaran murya ya fi a ƙirga. Ya ce zai faɗa mini abin da ya sani, in ya kai inda bai sani ba zai ce bai sani ba.

"Ƙanena Kalilu shina da rai. Ran Juma'a nij ji muryatai da kunnena, bisa tudun nan na Wada. Ya ce a gaishe ki."

Ya ce an sayar da geron bana tun yana zangarniya, da shanun huɗa, an kai abin da aka ce a kai. Ya ce sun ce za su sake shi, amma ba su faɗi rana ba, kuma mutanen nan maganarsu ba abin riƙewa ba ce. Ko yana da lafiya, bai sani ba. Inda yake, bai sani ba. Na tambayi abin Gangara, ya ce gaskiya ne amma ba ta wajensu ba ne, kuma bidiyon da ke yawo na wata ƙasa ne ma.

Na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba tun ranar. Gwaggo ta bar ni. Da na gama sai na ji yunwa, yunwa ta gaske. Na cinye tuwon da aka ajiye don ɗumame, na sa aka gasa mini sauran naman da yaji.

Laraba, safe

Gwaggo ta tono wayar daga gero, ta busa ta, ta miƙo mini. Na aika a kira Wada zaure, na yi masa magana ta bayan ƙofa. Na ce in ya hau tudu ya fitar da ni daga gurup ɗin nan duka biyar, ya goge abin da ke ciki. Wayar ta ci gaba da zuwa kiwo, don lambata kaɗai maigidan ya haddace, ko tasa sai ya duba.

Wada ya ce shi fa ba ya buɗe wayar mutane, amana ce, ko ta matarsa ba ya leƙawa. Na ce ni na sa shi. Ya ce har na dangi? Na ce musamman na dangi. Ya yi dariya ya ce ni ce ta farko da ta taɓa cewa a rage wa dabbarta ciyawa.

Alhamis, azahar

Awo. Ba ta ragu ba, ba ta ƙaru ba. Malama Surayya ta aiko Gwaggo da cewa ta ƙara mana mako ɗaya, kuma a gode wa Zulaiha. Na gode mata. Wannan karon har cikina.

Juma'a, la'asar

Wayar ta dawo wayam. Na juya ta, na sake juyawa. Hannuna yana ƙaiƙayi kamar na mai shan taba da azumi.

Yaya Is'haƙa: babu sabon labari. Ya faɗa a tsaye, ya tafi. Abin mamaki, babu ɗin ma da aka faɗa mini da baki sai na iya kwanciya a kansa.

Asabar, hantsi

Zulaiha ta shigo da "kin ji abin da..." Na ɗaga mata hannu. Na ce in na hanyar da za a bi ne ko na gudu, ta faɗa wa Gwaggo yanzu-yanzu. In na "an ce" ne, ta ajiye wa Yaya ya tace. Ta tsaya ta yi tunani ta ce na an ce ne. Muka koma hirar yadda Halliru ya fara cin yatsan ƙafarsa.

Rediyo ta ce a kashe rediyo. Da 'yan ofishinmu za su ji, da sun yi sadaka.

Lahadi

Babu labari. Na yi barcin rana.

Litinin, bayan asuba

Na farka na ji rigata a jiƙe. Na ɗauka yarinyar ce ta yi mini aika-aika, na duba, tana can gefe a bushe. Ni ce. Ƙirjina ya yi nauyi har yana zafi.

Na ɗauke ta na sa. Ta ja sau biyu sai ta ware ido, ta ƙware, ya zubo mata ta gefen baki. Sannan ta kama da gaske. Na ji haɗiyar nan. Gwaggo tana kan sallaya ta juya mana baya, ta yi kamar ba ta ji ba, amma na ga carbin ya tsaya a hannunta.

Da babu kowa na leƙa ƙafarta ta hagu. Yatsun a jere suke lafiya lau. Hancin ne nasa.

Talata, bayan magariba

Babu labari. Zulaiha sau ɗaya kawai ta karɓe ta yau. Akuya ta fara rama, tana bina da harara.

Laraba, bayan la'asar

Ana kiran azahar na ji ƙararrawar keke. Wada ba ya dawowa sai rana ta yi sanyi, kowa ya sani. Na ji ya jefar da keken a ƙofar gida, ba jingine shi ya yi ba. Na ji muryarsa a zaure da Gwaggo. Lokacin yarinyar ta kama ke nan, bayan ta sha kuka ana yi mata wanka.

Gwaggo ta shigo da wayar a tafin hannu kamar ta ɗauko garwashi. Ta ce saƙon murya ne guda ɗaya, daga baƙuwar lamba ta Nijar. Wada bai buɗe ba, ya dai ga shigarsa ya kwaso wayoyin mutane rabin ciki ya taho. An aika a kira Yaya Is'haƙa daga gona.

Baƙuwar lamba tana iya zama kowa. Tana iya zama su. Tana iya zama wani bawan Allah da ya tsinci abin da ya tsinta a daji, ya ga lamba a aljihu. Duk na san wannan, babu wanda ya kai ni sani, na yi makonni ina karatunsa a bayan rumbu. Na ji nonon yana shirin ɗaukewa, yarinyar ta fara ja da ƙarfi tana ƙunƙuni.

Na ce, "Aje ta bisa taga, Gwaggo. Bari ta ƙoshi."

Gwaggo ta dube ni, ta ajiye. Ta zauna a bayana ta dafa mini kafaɗa da hannayenta masu kaushi, tana matsawa a hankali. Na ƙura wa kunnen yarinyar ido, na yi ta karanta duk abin da ya zo bakina. Can na ji ya sauko. Ta sha wannan, na juya ta ta sha wancan. Ban taɓa sanin jariri yana daɗewa haka ba. Jan ƙyallen yana ta motsi a taga. Sai da ta saki don kanta, baki a buɗe, na ɗora ta a kafaɗa ta yi gyatsa, sannan na ce a miƙo.

Muryar ta shaƙe, ta tsufa, amma tun daga sallamar na gane. Ya ce yana wani ƙaramin asibiti a tsallaken iyaka, masu kiwo ne suka kai shi, wayar ta malamin asibitin ce. Ƙafafunsa sun kumbura, ba zai iya takawa ba sai nan da 'yan kwanaki. Ya ce a faɗa wa Yaya. Na ɗauka ya ƙare, sai ya ce:

"Mas'uda, baƙuwarmu hwa? Tana shan nono?"

Gwaggo ta fita tsakar gida, na ji ta tana faɗa wa Wada, na ji Zulaiha ta rangaɗa guɗa ta katanga, aka ce ta yi shiru, jiya-jiya aka tashi daga zaman makoki a bayanmu. Ni ban tashi ba.

Da ta farka da la'asar na sa ta a nono, na danna wurin ɗaukar murya, na kai wayar kusa da wuyanta. Haɗiyarta kawai na ɗaukar masa. Gobe Wada zai hau da shi tudu.

Alhamis, hantsi

Gwaggo ta dawo daga awo tun daga zaure tana faɗa. Ba za a je Sakkwato ba.

Ɗiyata Ni'imatullahi ta ƙaru.